Saura mako shida gudun Legas, ƙwaurina ya ƙi: in daure ko in haƙura?

Tela Mai Gudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo maganar nan ne don a gida ba ni da wanda zan faɗa wa, duk wanda na buɗe wa baki cewa zai yi dama wa ya aike ni. Shekarata 37, ɗinki nake yi a Tudun Wada, Kaduna. Na fara gudu shekara uku da suka wuce bayan an auna ni an ce jinina yana hawa. Lokacin zagaye biyu a Murtala Square sai in riƙe ƙugu ina haki kamar zan shiɗe. A hankali har na kai ina yin kilomita 21 ban tsaya ba. Bana na yi rajistar gudun famfalaki na Legas, cikakken kilomita 42, a watan Fabrairu. Saura mako shida.

To ga matsalar. Ƙwaurin ƙafata ta hagu ya fara ciwo kamar mako uku da suka wuce. Da farko in na fara gudu sai ya yi zafi, jiki na ɗumama ya lafa. Yanzu ba ya lafawa. Ranar Lahadi na fita da niyyar yin 28, na bi Ali Akilu na nufi Kawo. Ban cika 17 ba na zauna a bakin kwalbati kusa da wani mai shayi, na cire kambas ina matsa wurin. Mutumin ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya? Ko biyo ka aka yi?" A Napep na koma gida.

Ga kuma gajiya. Ƙafafun kamar an ɗaura musu bulo. In na kwanta barci ba ya zuwa, in ya zo ba ya isa. Bugun zuciyata da asuba da can 54 ne a agogo, yanzu 65, wani lokaci 67. Waɗanda suka taɓa yin 42, haka abin yake dama in an kusa, ko ni ne da matsala?

Baba Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Ɗana, haka yake. Wa ya ce maka ana shirin 42 jiki yana daɗi? Mu da muka yi Depot a Zariya, da but muke gudu, ga kaya a baya, ƙwauri ya yi ta zugi kamar ana kaɗa ganga a ciki, gari na wayewa a sake fita. Ka sa a gasa maka da ruwan zafi, ka shafa man zafi, ka naɗe da bandeji. Ciwo baƙo ne, in ka shimfiɗa masa tabarma kwana zai yi. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun Olamfik a Rum a 1960. A 1964 aka yi masa tiyata a ciki, bai cika mako shida ba ya je Tokyo ya sake cinyewa. Kai ƙwauri kawai.

Anti Nas:
Baba ina wuni. Ku bari in ɗan yi masa tambayoyi kafin a kai ga ruwan zafi.

Malam Tela, ka bi ƙashin da yatsa daga idon sawu zuwa sama. Ciwon a shimfiɗe yake kamar tsawon tafin hannu, ko wuri guda ne da za ka iya ɗora yatsa ka ce nan ne? Sannan ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai ka yi tsalle, ka gaya min nawa ka iya. Yana damunka da dare in kana kwance? Kuma wane magani kake sha? Kar ka ce babu, na san halinku.

Tela Mai Gudu:
Anti kin kama ni. Wuri guda ne, ta cikin ƙwaurin, bai fi faɗin maɓallin riga ba, har ya ɗan tasa. Tsalle kuwa yanzu na gwada a shago, na biyu na dafe teburin yanka, yaran shagon suna ta dariya. Da dare yana ɗan zugi. Magani kuma diklofenak nake saya a kemis, ina haɗiye biyu kafin in fita, kusan kwana goma ke nan.

Anti Nas:
Innalillahi. Biyu kafin gudu, kuma na tabbata ciki ba komai. Ka ajiye shi tun yau, don Allah. Wannan maganin da ɗan uwansa ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Kai kuma kana gudun awa biyu, zufa ta tsotse ruwan jikinka, ƙodar dama tana cikin wahala. Ga shi yana cin bangon ciki, ga shi yana iya ɗaga hawan jinin da ka fara gudun don shi. Kuma bai gyara komai a ƙafar ba, bakin ƙararrawa kawai ya toshe.

Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba, amma ciwo a wuri guda a kan ƙashi, da kasa tsalle, da zugin dare, alamomin tsagewar ƙashi ne irin wadda yawan duka ke jawowa. Wanda Baba yake magana, na sababbin sojoji da masu fara gudu, yawanci a shimfiɗe yake a gefen ƙashin, kuma yana sauƙi in an huta. Naka ya wuce nan a gani na. Ka je a duba ka.

Sarkin Zolaya:
Ni fa har yau ban gane ba. Mutum da ransa da lafiyarsa, ba kare ya biyo shi ba, ba bashi ake binsa ba, ya biya kuɗin mota zuwa Legas don ya gudu daga nan zuwa can. Bahaushe ya gama magana da ya kira abin gudun ya da ƙanin wani. To Malam Tela, ƙanin wa za ka yar, in ban da ƙanin matarka da zai yi jinya?

Tela Mai Gudu:
Kai dai Allah ya shirye ka. Ka fara hawa benen gidanku ba haki tukuna.

Koci na Jos:
Malam Tela, ban ga lissafi ba. Kilomita nawa kake yi a mako, wata uku da suka wuce zuwa yau? Awa nawa kake barci? Me kake ci, kuma ƙarfe nawa? Takalmin tun yaushe?

Tela Mai Gudu:
Koci, a Oktoba wajen 35 a mako. Nuwamba na kai 45. Sai na samu wani tsarin atisaye na mako goma sha takwas a intanet, na ga lokaci ya ƙure, na tsallake na farkon na kama daga tsakiya. Disamba ina yin 65 zuwa 70. Barci kuwa ka san Disamba da bukukuwa, ankon gida uku na karɓa, sai ɗaya na dare nake rufe shago, in tashi asuba, ana idar da salla in fita. Karyawa sai wajen sha ɗaya, koko da ƙosai. Na ɗan rage tuwon dare ma don in rage nauyi. Takalmi na gwanjo ne daga Kasuwar Barci, shekara guda da rabi ke nan.

Koci na Jos:
To ai ka ba kanka amsa. Ka ninka nisan cikin wata biyu, ka rage abinci, kana barcin awa huɗu, a kan kwalta, da takalmin da wani ya riga ya cinye rabin ransa kafin ya iso Kasuwar Barci. Sabon takalmin gudu ma in ya yi kilomita 600 zuwa 800 katifarsa ta mutu. Kai naka ka lissafa.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa. Mako uku, huɗu, sai ka ji numfashi ya zauna, ka ɗauka ka ƙware. Ƙashi ba haka yake ba. Duk takun da ka yi yana barin 'yar ƙaramar ɓarna a cikinsa, jiki ya rushe wurin ya sake ginawa da ƙarfi. Rushewar tana riga ginin, akwai makonnin da ƙashin ya fi rauni kafin ya ƙarfafa. Ginin nan kuma da barci da abinci ake yinsa. In ka hana magini siminti ka ce ya ɗora bene, ka san abin da zai faru. Shi ya sa muke cewa a riƙa ƙari kaɗan kaɗan, kamar kashi goma cikin ɗari a mako, kuma duk mako na huɗu a sassauta.

Bugun zuciyar da ya tashi daga 54 zuwa 65 ba ƙaramin abu ba ne. Ko dai jiki ya kasa farfaɗowa, ko akwai wani ciwo a ɓoye. In ka je asibiti ka ce a duba maleriya da yawan jini.

Yaran da muke gani a Pankshin suna hawa tudu kamar awaki, tun suna firamare suke wannan tafiyar. Ƙashinsu ya yi shekara goma sha yana sabawa. 'Yan Kenya na Iten kuma da ake ta ba da labarinsu, in ka cire gudun, aikinsu ci da barci. Ba wanda yake ɗinka anko har ɗaya na dare.

Baba kuma, da girmanka, ka kawo rabin labarin Bikila. A Olamfik na 1968 a Meziko ya shiga da ciwon ƙafa, bai kai rabin hanya ba ya fita, ashe ƙashi ne ya tsage. Ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ne ya ci. Kipchoge ma, ɗan Kenyan da ya gama 42 cikin awa biyu da minti ɗaya da daƙiƙa tara a Balin a 2022, a Olamfik na Faris a 2024 da jiki ya ƙi, tsayawa ya yi wajen kilomita 30.

Baba Tsohon Soja:
Na ji, Koci. Amma ka lura Bikila zuwa ya yi ya gwada, ba a gida ya zauna yana danna ƙafa da yatsa ba. 'Yan zamani komai asibiti. Ni ban ce ya kashe kansa ba. Ya huta mako guda, ya koma a hankali, ranar gudu in ya gaji ya taka da ƙafa. Mutum ya yi niyya ya fasa, wannan ma ciwo ne, kuma ya fi daɗewa.

Na Agege:
Baba, bari in faɗi yadda hanyar take, don sau biyu na yi ta. Lokacin da na yi, daga filin wasa na ƙasa a Surulere aka tashi, aka ƙare a Eko Atlantic. Malam Tela, kai yanzu a hunturu kake atisaye, iska a bushe, zufa na fita tana bushewa, har da hular sanyi wataƙila. Legas a Fabrairu tun kafin rana ta fito rigarka ta jiƙe sharkaf, kuma zufar ba ta bushewa balle ta sanyaya ka. A lokacin sai da muka hau gadar Third Mainland, ta fi kilomita 11, ba inuwa ko ta sandar lantarki, ruwa hagu ruwa dama, kana hango ƙarshenta kamar tana matsawa. Karon farko na sauko gadar ina jin ni zaki ne. Wajen kilomita 31 sai ƙarfi ya ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta. Na ga ƙato ya zauna a gefen titi yana kuka da hawaye, ni ma ban yi masa dariya ba. Da lafiyayyun ƙafafu biyu ke nan, na gama a awa biyar da 'yan mintuna, kwana uku da baya da baya nake sauka daga bene.

Taka da ƙafa da Baba yake faɗa, kilomita 25 a kan ƙashi mai tsaga ba tafiyar masallaci ba ce. In dai sai ka zo, akwai na kilomita 10 a rana guda, ko shi za ka koma?

Anti Nas:
Ko 10 ɗin ban yarda ba sai an ga ƙafar.

Ɗan Bakin Dogo:
Ni shawarata ka je wajen mai ɗori. Akwai wani dattijo a unguwarmu, ƙanena ya yi targaɗe a ƙwallo, ja biyu ya yi masa ya miƙe.

Anti Nas:
Targaɗe daban, wannan daban. Nan ba abin da ya goce balle a mayar da shi. Tsaga ce siririya kamar ta jikin kofin tangaran, in aka ja aka murɗa ana iya ƙarasa ta.

Maman Biyu:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan ya taɓa ni. Malam Tela, ni a Kano nake, kuma na bi hanyar da kake kai. Nawa a tafin ƙafa ne, ƙashin da ke bayan yatsa na biyu. Ina shirin kilomita 21, ina fita kafin yara su tashi, in dawo in haɗa musu abin makaranta. Ciwon ya fara kamar tsakuwa ta shiga takalmi. Na je aka yi hoto, aka ce ba a ga komai ba, na yi murna na koma gudu. Abin da ban sani ba, irin wannan tsagar sau da yawa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta a mako biyu ukun farko, sai ta fara haɗewa ake ganin tabon. Kwana tara bayan nan, ina cikin zagaye, na ji abu ya yi ƙas a cikin takalmi. Ban faɗi ba, amma ban ƙara taku ɗaya ba. A bakin hanya na zauna na kira Baban Biyu, ya zo da jallabiyar barci ya ɗauke ni, bai ce min uffan ba har gida, wanda ya fi faɗa ciwo.

Mako goma na yi ina jan ƙafa cikin wani takalmi kamar akwati. Surukata ta zo dubiya ta ce, "Dama mace da gudu, me ake nema?" Ban da amsa, don a kwance nake. Da na tsaya tun ranar da na ji tsakuwar, da wataƙila rabin haka zan yi. A gwajin jini kuma aka ga jinina ya yi ƙasa, shi ne gajiyar da nake ta ɗora wa lalaci. Don haka in an yi maka hoto aka ce ba komai, kar ka ɗauka an sallame ka. Ka nemi likitan ƙashi ya taɓa wurin da hannunsa.

Tela Mai Gudu:
Allah ya ƙara lafiya, Maman Biyu. Na karanta naki sau biyu.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ke hana ni tsayawa. Ba kuɗin mota ba ne, ko da yake na riga na ajiye su. Mahaifinmu hawan jini ne ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, shekara huɗu muna juya shi a kan gado kafin Allah ya karɓi abinsa. Ranar da aka ce nawa jinin yana hawa, shi na gani. Tun daga nan in ban fita gudu ba kwana biyu sai in ji kamar abin yana bina a baya. Sannan duk layinmu sun san zan je Legas. Masu kawo ɗinki suna tambaya saura kwana nawa. Wandon da zan sa ma ni na ɗinka abina, ya sauka ƙasan gwiwa, na yi masa aljihu uku na dabino a ƙugu, yana rataye a shago kowa na gani. Yanzu in ce musu me?

Baba Tsohon Soja:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jinya ta zama kaffara. Ɗana, da ka faɗi wannan tun farko da ban yi maka maganar Bikila ba. Ni na ɗauka ragwanci ne ke neman kama ka, ashe kai birki ne ba ka da shi. Irinku mun gan su a aiki, su ne ake ɗaukowa a kan kafaɗa. Je ka asibitin. Mutanen layi kuma ka ce musu oda ce daga sama, ni na bayar.

Amma Koci, maganar hutun mako guda ban janye ba. In likita ya ce ƙashi lafiya, ya koma fili.

Koci na Jos:
In likita ya ce lafiya, Baba, ni zan rubuta masa tsarin da hannuna. Malam Tela, maganin hawan jini ba 42 ba ne. Tafiya da sauri ko keke na minti talatin, kwana biyar a mako, da rage gishiri, da shan magani in an rubuta maka, su ne ke riƙe shi. Ba za ka koma gidan jiya don ka ajiye gudu na wata biyu ba.

Sarkin Zolaya:
Wandon dai kar a bar shi ya lalace. Aljihu uku na dabino, ai ko zaman majalisa ya yi.

Tela Mai Gudu:
Salam. Kwana biyar ke nan, ga yadda aka yi. Na je asibiti ranar Talata. Hoton bai nuna komai ba, kamar yadda Maman Biyu ta ce. Likitan ya ɗora babban yatsa a wurin, ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Ya ce in ana son tabbaci sai hoton MRI, mai nuna abin da hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nunawa, da na ji kuɗin na ce a bar shi. Ya ce to za a ɗauke shi a matsayin tsagewa: ba gudu, ba tsalle, mako shida zuwa takwas, in dawo bayan mako uku a sake hoto. Ya ce na yi sa'a ta gefen ciki ne, wai ta gaban ƙwauri ta fi wuyar haɗewa. Gwajin jini ya nuna maleriya, alhali ko zazzaɓi ban ji ba, sai ciwon kai da nake cewa rashin barci ne. Na gama shan maganin jiya. Ƙoda lafiya, Anti, amma da na ambaci diklofenak sai da ya cire tabarau ya kalle ni.

Legas dai babu ni bana. Daren Laraba na yi barcin awa tara, matata ta leƙo sau biyu ta ga ko ina numfashi. Keken ɗinki na koma na lantarki, in an ɗauke wuta yaro ya taka na ƙafa. Likitan ya ce bayan mako biyu in ba zafi zan iya hawa keke, sai dai ba ni da shi.

Na Agege:
Allah ya ba da lafiya. Akwai ɗakin da zan sauke ka a nan Legas, in Allah ya kai mu baɗi. Ka zo da kwana uku a hannu jikinka ya ɗanɗana zafin.

Anti Nas:
Alhamdulillahi. Ka dawo da tuwon dare, ka ƙara da ƙwai, wake, nono, kifi in ya samu. Kuma ranar da ka ji ciwon ya tafi ba ita ce ranar komawa gudu ba, ina kallonka.

Baba Tsohon Soja:
Akwai Raleigh ɗina a zaure tun da na yi ritaya, ba mai hawa sai jikoki suna kaɗa ƙararrawar. Ka turo yaron shagonka Unguwar Shanu ya ɗauka. Tayar baya tana sacewa, sai ka kai a liƙe, kuma birkin gaba ne kawai ke ci.

Tela Mai Gudu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zai zo gobe bayan la'asar. Ka ba shi awon wuyanka da na hannu, akwai ragowar shadda fara a shago.